Gaisuwar da Ta Cinye Muryar Ishaya

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da aka ba ni tsaron ƙofa ɗaya tak na kasa ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayana kuna ganin na cika taurin kai idan ana maganar shiga ɗakin mawaƙi, har na ji wasunku na kirana Kwastan a bayan idona. Ba laifi. Ku zauna ku ji inda na samo halin.

Lokacin ina shekarata ta biyu a kamfanin shirya wasannin kiɗa da muke yi wa aiki nan Kuala Lumpur. Muƙamina jami'in rakiya, wato ƙasan kowa a sashen kula da baƙi. A samana akwai Puan Aida, shugabar sashen, a samanta kuma manajan wasa. Aikin jami'in rakiya shi ne ya ɗauko mawaƙi daga filin jirgi, ya kai shi otal, ya kai shi wurin gwaji ya dawo da shi, ya kuma tabbatar duk abin da ke cikin takardar sharuɗɗansa an cika masa. Wannan takarda kowane baƙo da irin tasa. Wani shafi ɗaya ce. Ta mutumin da zan ba ku labari shafi shida ce, gaba da baya.

Sunansa Ishaya, kuma tenor ne. Ga wanda bai sani ba, a waƙar opera tenor shi ne namijin da muryarsa ke hawa sama. Ba a ba shi makirufo. Zai tsaya gaban makaɗa cike da dandamali, da gogensu da ƙahoninsu, ya yi waƙa da maƙogwaronsa kawai, kuma dole wanda ke kujerar ƙarshe ya ji shi. Jarinsa gaba ɗaya wasu 'yan tsoka biyu ne a cikin maƙoshi, waɗanda da ƙyar suka kai girman farce. Shi ya sa da yawansu ke yin shiru na yini guda kafin wasa. Ba magana, ba dariya, ko raɗa ba a yi, don raɗa ma tana gajiyar da murya.

Ishaya ɗan Zariya ne. A ƙungiyar mawaƙan cocin unguwarsu ya fara, wani malamin kiɗa ya ji shi ya nema masa karatu a Turai. Ya tafi yana saurayi, bai ƙara waiwayo gida ba sai jefi-jefi. Ya yi zamaninsa sosai, ya sha fitowa a matsayin jarumin wasa, mai mutuwa saboda soyayya sau uku a mako. Amma lokacin da ya zo mana ya haura hamsin, an yi masa aiki a maƙogwaro, ya yi kusan shekara bai hau dandamali ba. Wasanmu shi ne dawowarsa. Puan Aida ta kira ni ofis ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa wata mata za ta taso musamman daga wani gidan opera don ta saurare shi. Idan ta gamsu, za ta ba shi babban matsayi a wasansu na baɗi. Idan ba ta gamsu ba, to ba wanda ke zaman jiran tenor ɗan shekara hamsin. Ta ce ni aka zaɓa saboda ƙasarmu ɗaya, zai fi sakewa da ni.

Sakewa fa! A filin jirgi na tare shi da fara'ata, na gaishe shi da Hausa, har da ɗan rusunawa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya amsa mini da Turanci cewa Hausarsa ta tafi da shekaru, kuma a kashe sanyin mota. Haka muka taho har unguwar Bukit Bintang, inda otal ɗin yake, gilashi a rufe, ni da direba muna dahuwa, shi yana gyara mayafin wuyansa. A otal ya sa aka canza masa ɗaki sau biyu, na farko yana warin fenti, na biyu yana kusa da lif. Aka kafa masa na'urar tururi a gefen gado. Ba ya cin yaji, ba ya shan sanyi, ba a shiga wurinsa da turare, kuma Maestro ake kiransa, wato babban gwani. A raina na ce wannan ko shi ya ƙirƙiro numfashi sai haka.

Jadawalinsa mai sauƙi ne. Talata isowa, Laraba da Alhamis gwaji da makaɗa, Juma'a gwaji na ƙarshe, Asabar shiru, Lahadi ƙarfe uku na rana wasa.

Ranar Laraba na ji shi ya buɗe baki da waƙa a karon farko, kuma duk haushin da nake ji ya bi iska. Ban taɓa zaton sauti irin wannan zai fito daga ƙirjin ɗan Adam ba, balle ɗan Adam da ya taso yana cin tuwon dawa kamar ni. Daɗi ya ɗebe ni, na ɗauke shi hoto daga nesa, na tura zauren WhatsApp na 'yan Arewa mazauna garin nan, na rubuta a ƙasa cewa ɗanmu ne, ga shi Turawa da 'yan Sin suna bin umarnin muryarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan ni ne.

Ba a yi awa guda ba Alhaji Sabitu ya kira ni. Sababbinku ba ku san shi sosai ba. Dillalin yadi ne a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, yana kuma nemo wa 'ya'yan masu hali makaranta. Shi ne shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, ko da yake ba wanda ya tuna ranar da aka zaɓe shi. Lokacin da na sauka ƙasar nan ban san kowa ba, a falonsa na kwana wata uku, ina cin tuwon gidansa. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Ya ce, "Habibu, wato baƙo ya zo daga gida, ka ɓoye mana shi? So kake ya koma ya ce babu mutane a Malaysia?"

Na yi masa bayanin jadawali. Ya ce su ma duk makon suna kasuwa, sai Asabar bayan azahar. Na ce Asabar ita ce ranar da ba ya magana da kowa, ko da matarsa ce ta kira. Alhaji ya yi dariya.

"Mu ma ba surutu za mu yi ba, gaisuwa ce. Five minutes lah, minti biyar kacal. Ko gaisuwar ma sai da tikiti?"

Ƙa'idar aiki a nan a bayyane take: duk wanda ya nemi ganin mawaƙi, ka kai maganar wurin shugabar sashe, ita za ta hana, kai ka wanke hannunka. Na san wannan. Ban yi ba, saboda kunya, saboda kuma ina son Alhaji ya ga irin mutanen da nake mu'amala da su yanzu. Na yaudari kaina cewa dattawa uku ne za su zo, su tsaya a bakin ƙofa, su ɗaga hannu, su juya.

Ranar Asabar ina zaune kan kujera a ƙofar ɗakin Ishaya aka kira ni daga ƙasa. Lif ɗin otal ɗin ba ya hawa sai da katin ɗaki, saboda haka da ƙafata na sauka, da katina na hawo da su. Wannan ma ku rubuta a cikin laifina. Mutum goma sha ɗaya ne, cikin manyan kaya kamar ranar ɗaurin aure. Akwai kular dambun nama, akwai ƙunshin kilishi, akwai zoɓo da ƙanƙara na iyo a ciki. Turarensu kuwa ya riga su isa hawan.

Na ƙwanƙwasa. Ishaya ya buɗe, sanye da rigar wanka da mayafin wuya, riƙe da ɗan farin allon da yake rubutu a kai ranar shiru. Ya dube su, ya dube ni, kallon da har yau nakan tuna. Ya rubuta da Turanci cewa ba ya magana yau. Alhaji ya karanta a hankali, ya gyaɗa kai alamar ya fahimta sarai, sannan ya cire takalmi ya shiga. Sauran ma suka cire. Ku sani, duk lokacin da Bahaushe ya cire takalmi, maganar minti biyar ta mutu.

A yi wa Ishaya adalci, ya yi ta maza. Ina gajiya, ya gyaɗa kai. Ya hanya, ya gyaɗa kai. Ya iyali, ya baƙunta, ya kuka baro mutanen can, duk da kai yake amsawa, yana murmushin dole. Har na fara sa rai za mu tsira. Sai Alhaji ya yi tambayar da ba ta taɓa wuce dattijo, ya ce ɗan gidan wa ne a Zariya. Ishaya ya rubuta sunan mahaifinsa da unguwarsu.

Alhaji ya miƙe zaune. Ashe ya san mutumin. Malamin asibiti ne mai yawo da baƙin keke, shi ya ɗinke wa Alhaji ƙafa yana yaro lokacin da ya taka fasasshiyar kwalba, har ya ɗage wando ya nuna mana tabon. Ya tambaya yaya tsohon yake. Ishaya ya rubuta cewa ya rasu shekara uku da suka wuce.

Alhaji ya matso ya kama hannunsa da hannu biyu, ya sassauta murya.

"Ashe Baba ya tafi. Ya haƙuri, ɗana? Ya ƙarin haƙuri?"

Na ga Ishaya ya dubi allon, ya dubi alƙalamin. Ta'aziyya ba a amsa ta da kai, ba a kuma amsa ta da rubutu, duk wanda aka haifa a ƙasarmu ya san haka ko ya shekara ɗari a waje. Ya ajiye allon a kan gado.

Ya ce, "Mun gode Allah, Baba."

Da Hausa tsantsa, ba ko gargada. Daga baya ya faɗa mini cewa yana tsakiyar jerin wasanni aka yi rasuwar, bai samu jana'iza ba. Abokan aikinsa sun aiko da furanni da katuna, amma a shekara ukun nan ba wanda ya taɓa kama hannunsa ya ce masa ya haƙuri. Na tausaya masa a lokacin, har idona ya kawo ruwa. Da a nan aka tsaya, da ban ga laifin kowa ba.

Amma ina aka taɓa tsayawa? Tunda shugaba ya yi ta'aziyya, dole kowa ya yi tasa, ɗaya bayan ɗaya, kowa kuma sai an amsa masa. Daga ta'aziyya aka gangara hirar Zariya, wane ya mutu, wane ya yi kuɗi, wane titi aka rushe. Hausar da ta tafi da shekaru ta dawo da gudu, har da Zazzagancinta. Aka buɗe kilishi. Mutumin da ya sa aka mayar da miyar otal saboda barkono ƙwaya ɗaya, na gan shi yana yagar kilishi yana shan iska ta baki, yana korawa da zoɓo mai ƙanƙara. Wani ya kira tasa mahaifiyar a Kano ta bidiyo ya miƙa wa Ishaya su gaisa. Da sauran suka ga haka, kowa ya tuna shi ma yana da uwa.

Na yi ƙoƙari, kada ku ce ban yi ba. Na ce wa Alhaji la'asar ta yi, da nufin su tashi. Sai suka shimfiɗa tawul ɗin otal suka yi jam'i a nan, suka dawo suka ɗora daga inda aka tsaya. Na matsa kusa da Ishaya na ce, "Maestro, gobe fa." Ya daka mini duka a kafaɗa yana dariya, ya ce wane Maestro, Ishaya yake, in zauna in ci nama.

Can wani ɗan kasuwar waya ya ce ai bai kamata su zo har nan su tafi ba a ɗan taɓa musu ba. Kowa ya ce gaskiya ne. A ƙa'ida, kafin tenor ya yi waƙa da ƙarfi sai ya ɗauki kusan rabin awa yana ɗumama murya a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Ishaya ya miƙe da yajin kilishi a maƙoshinsa, ya warware mayafin wuya, ya ɗauko waƙar da zai rufe wasan gobe da ita, mai gaɓar nan ta can sama wadda saboda ita matar ta hau jirgi. Ya kai ta, ya riƙe ta, har gilashin taga na amsawa. Ban taɓa jin ya yi ta da kyau haka ba, ko a gwaji.

Aka yi ta kabbara da tafi. Sai Alhaji ya duba wayarsa ya ga ashe bai danna maɓallin ɗauka ba. Aka roƙi a maimaita, ya maimaita. Sai wani ya ce shi bai fito a bidiyon ba, yana bayi. Aka yi ta uku. Baƙon ɗakin da ke kusa ya kira ofishin otal ya kai ƙara.

Dab da magariba suka tashi, bayan hotuna. Ishaya ya raka su har bakin lif yana roƙonsu don Allah su zo gobe, suka ce ai ko ana ruwan wuta sai sun zo. Ya sa ni na nemo musu kujeru goma sha ɗaya. Na kira Puan Aida na ce baƙinsa ne na musamman, ta cire daga na masu ɗaukar nauyin wasan ta ba ni layi na huɗu, tsakiya, inda mai waƙa ke ganin fuskar mutum.

Lahadi da safe na shiga, ya ce mini ina kwana. Muryar ta dushe kamar ta mai tsohuwar mura. Aka yi tururi, aka yi zuma da ruwan ɗumi, aka kira likitan maƙogwaro. Likita ya leƙa ya ce akwai kumburi, shawararsa a ɗage wasan. Ishaya ya ƙi, don matar jirgin Litinin za ta bi, kuma irinta ba sa zuwa sau biyu. Puan Aida ta ja ni gefe ta tambaye ni abin da ya faru jiya. Na faɗa mata duka. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce kawai za mu yi magana bayan wasa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ƙarfe uku daidai aka rufe ƙofofin zaure. A irin wannan wasa da zarar an fara ba a shiga sai lokacin hutun rabi, bayan hutu kuma an rufe ke nan. Ina tsaye a gefen dandamali, bayan labule. Zaure ya cika, ban da layi na huɗu da ya yi fayau kamar bakin da aka cire wa haƙoran gaba. Rabin farko Ishaya ya ci shi da dabara da gogewa, yana lallaɓa muryar, yana kauce wa wuraren haɗari. Wanda bai san sana'ar ba ba zai gane komai ba. Amma duk ƙarshen waƙa sai idonsa ya sauka kan kujerun nan. Da aka yi hutu na duba waya, na ga saƙon Alhaji cewa suna hanya.

Waƙar ƙarshe ba ta da wurin ɓuya. Ya ja numfashi, ya hau, ya hau, da ya kai gaɓar sai muryar ta tsage, ta yi ƙara irin ta tsohon ƙyaure, sannan ta ɗauke. Makaɗa suka ci gaba su kaɗai har ƙarshe. Mutane suka yi tafi, tafin tausayi, wanda a sana'ar nan ya fi ihu ciwo. Ina hango matar ta mayar da alƙalaminta cikin jaka.

Na fita harabar zauren na tarar da biyar daga cikinsu, sun iso bayan hutu, suna jayayya da mai tsaron ƙofa, wai ba ta san su wane ne ba. Sauran shidan ko waya ba su yi ba. Na ce wa Alhaji an gama. Bai nuna damuwa ba.

"Ba komai, ai mun ji jiya, kuma mu a kusa muka ji. Ka gaishe shi, ka ce ya kyauta. Bari mu je makan, mu ci abinci, yunwa muke ji."

Suka nufi gidan abincin Larabawa. Ba wanda ya tambayi yadda wasan ya kasance.

A ɗakin canza kaya na sami Ishaya zaune, bai ko kwance maɓallin wuya ba. Da ɗan abin da ya rage masa na murya ya tambaye ni, da Hausa, ko sun zo. Na ce sun zo, an rufe ƙofa. Ya gyaɗa kai, ya ce hanya ce, garin akwai cunkoso. Shi ya nema musu uzuri, ni na kasa. Da Puan Aida ta shigo ya gaya mata cewa shi ya buɗe ƙofarsa da hannunsa, kada a taɓa yaron. Wannan magana ce ta sa na tsira da takardar gargaɗi maimakon ta sallama.

Matsayin bai samu ba. Bai ƙara hawa babban dandamali ba, yanzu koyarwa yake a wata makarantar kiɗa. Ba zan rantse cewa Asabar ɗin nan kaɗai ta gama da shi ba, wataƙila muryar dama ta kama hanya. Amma ranar Juma'a gaɓar nan tana nan, da kunnena na ji.

Abin da na koya shi ne, mai tsaron ƙofar mawaƙi ba maƙiya yake tsarewa ba. Maƙiyi ba ya hawowa da kular dambu. Masoya ake tsarewa, da shi mawaƙin kansa, domin duk ɗaurin wuyan nan da iyayin nan, a ƙarƙashinsu akwai mutumin da ya gaji da zama baƙo, kuma kalma ɗaya ta gida ta isa ta kwance shi. Mu kuma mutanenmu mun iya karrama mutum, ba ƙarya, sai dai ba ma tambaya ko karramawar za ta bar shi da rai. Saboda haka idan an ba ku ƙofa, ko ubanku ne ya zo, ku gaishe shi da ladabi, ku ce ya dawo bayan wasa.

Har yau duk baƙon da ya sauka gidan Alhaji Sabitu sai an nuna masa bidiyon. Alhaji yakan ce ɗanmu ne, babban mawaƙin duniya, a ɗakinsa ya yi mana mu kaɗai. Ni ma an sha nuna mini, ana manta ina wurin. Ga Ishaya nan tsaye a rigar wanka, ga gaɓar da ya nema ranar Lahadi ya rasa, cikakkiya, tsaf, ba ko rawa. A bayanta kana jin wani yana tauna kilishi, yana tambaya ko akwai sauran zoɓo.